Malam Maman Barka da Umaru Adamu: Mutum Biyu da Suka Kai Kiɗan Tafkin Chadi Ingila



A watan Yulin 2008, a wani fili da ake kira Charlton Park a ƙasar Ingila, wasu mutum biyu daga Jamhuriyar Nijar suka hau dandamalin bikin kaɗe-kaɗe na WOMAD. Ba su zo da jita ba, ba su zo da piyano ba, babu kuma ayarin 'yan amshi a bayansu. Ɗayansu ya tasa wani abin kiɗa a gaba mai siffar kwalekwale, da tsirkiya biyar. Ɗayan kuma yana zaune da duma da kalangu da ƙwarya, irin waɗanda kowane ɗan Arewa ya buɗi ido ya gani. Na farkon shi ne Malam Maman Barka, na biyun kuma Umaru Adamu, wanda a rubutun Faransanci na Nijar ake rubuta sunansa Oumarou Adamou. Abin kiɗan nan mai kama da jirgin ruwa sunansa biram. Bayan wannan wasa ne aka ɗauki muryoyinsu, kamfanin World Music Network na birnin Landan ya fitar da faifan a 2009 da sunan "Introducing Mamane Barka", masu sharhin kiɗa a can suka yi ta yaba shi.

Da yawa daga cikin manyanmu sun san sunan Maman Barka tun zamanin kaset, amma a matsayin mai gurmi suka san shi. Labarin biram bai iso mana sosai ba. Kuma ina ganin labari ne da ya shafe mu, mu da muke zaune kusa da Binuwai, muke cin kifi, muke hulɗa da masunta da fataken banda daga Baga.

Bari mu fara da masu kayan.

A tsibiran Tafkin Chadi akwai wata al'umma da Barebari suka laƙaba wa suna Buduma, wato mutanen cikin ciyayi. Su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne kuma makiyaya. Su ne masu shanun nan da ake kira Kuri, masu ƙaho kumburarre kamar tulu, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan don neman ciyawa. Kwalekwalensu na asali da ciyawar ruwa ake ɗaure shi. Shekaru aru-aru sun zauna cikin ruwan nan ba tare da wani sarki na tudu ya iya juya su yadda yake so ba, hatta Shehunan Borno, saboda doki ba ya shiga inda suke. Mutanen gaɓa ma tsoronsu suke ji a da, domin sukan fito da jirage su kai hari su koma. Harshensu kuma, a rabon da masana harsuna suka yi, dangin Hausa ne na nesa, kuma ya fi kusa da harsunan da muke ji kullum a nan Adamawa, irin su Bata da Bachama da Margi da Kilba. Wato dai ba wasu baƙi ba ne can daga wata uwa duniya.

Akwai wani abin tarihi da ya haɗa Yola da tsibiran nan a shekara guda. A 1851, Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya ƙetare Binuwai ya iso Yola a watan Yuni, shekara goma da kafa garin. Lamiɗo Lawal, ɗan Modibbo Adama, bai yarda da zuwansa ba tunda daga Borno ya fito, bayan 'yan kwanaki ya sallame shi. A daidai wannan lokaci abokin tafiyarsa, Adolf Overweg, yana cikin Tafkin Chadi da wani jirgin katako da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus, yana bin tsibiran Buduma ɗaya bayan ɗaya. Shi ne Bature na farko da ya ratsa tafkin a jirgi. Bai koma gida ba, a nan bakin tafkin ya mutu a 1852. Tafkin da ya gani a lokacin teku ne in an kwatanta da na yau. Ko a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1984 suka zo suka janye ruwan, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a wasu shekarun. Ɓangaren arewa, wanda shi ne na Nijar, ya sha ƙafewa ƙurmus. Garin Ngigmi da yake bakin ruwa ya wayi gari ruwan ya yi masa nisa.

To, a cikin wannan al'umma ne biram ya rayu. Gangar jikinsa itace ne da aka fafe aka rufe da fata, dogo kamar ƙaramin kwalekwale, da wuya mai lanƙwasa, tsirkiyoyin biyar sun taso daga jikin zuwa wuyan. Ba a danna tsirkiyarsa a jikin sanda kamar yadda ake yi wa gurmi ko garaya ko molo. Kowace tsirkiya da muryarta guda, sai dai a san yadda za a jera su. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, mai kauri, tana da wani amo da ke daɗewa a kunne bayan an saki tsirkiya. A tsohuwar al'adar Buduma ba kowa ke taɓa shi ba. Sun ɗauka cewa akwai wani ruhi na tafkin mai suna Kargila da ke tsaron kayan, kuma sai wanda aka shigar da shi ta hanyar da suka gada yake kaɗawa. Wannan imaninsu ne na dā, a matsayin tarihi muke kawo shi. Waƙoƙin biram kuwa na rayuwar ruwa ne: kakanni, jarumta, kifi, shanu, tsuntsaye, da garuruwan bakin tafki.

Shi Maman Barka ba Buduma ba ne, ba kuma Bahaushe ba ne. Batube ne, ɗan makiyayan hamada, an haife shi a Tesker da ke jihar Damagaram a ƙarshen shekarun 1950. Ya yi boko, ya zama malamin makaranta, daga nan ne "Malam" ɗin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bai gaji kiɗa ba. Duk wanda ya san yadda al'ummominmu suke kallon roƙo da kiɗa, ya san ba ƙaramin abu ba ne malamin makaranta, ɗan gidan da ba na makaɗa ba, ya ɗauki gurmi ya fita bainar jama'a. Ya ɗauka, kuma ya yi suna da shi a Nijar da Arewacin Najeriya, yana waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci. Daga baya ya koma aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta birnin Yamai, wadda aka sa wa sunan marigayi Alhaji Taya, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar ana kuma koyar da su.

A 2002 ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya tattara ya tafi bakin tafki wurin wani dattijo mai suna Bukar Tar, wanda a lokacin ake ɗauka shi kaɗai ya rage a cikin gwanayen biram. Matasan Buduma sun juya wa abin baya. Dalilan ba boyayyu ba ne a ganina: ruwa ya janye, mutane sun watse neman abinci, rediyo da kaset sun shigo, sannan ga shi kayan yana ɗauke da tsohuwar al'adar da mutane suka fara jin nauyin a gan su da ita bayan Musulunci ya zauna da gindinsa a tsibiran. Dattijon ya karɓi baƙon, ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da harshen da ake yin su, ya kuma miƙa masa biram ɗinsa. Bayan 'yan shekaru Bukar Tar ya rasu.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Mutum ne da ya riga ya yi suna, ya haura shekara arba'in, yana da abin yi a babban birni. Ya koma ɗalibi a ƙauye, a gaban tsohon da ba ƙabilarsu ɗaya ba, yana koyon waƙa da harshen da ba nasa ba, a kan kayan da babu mai gayyatarsa biki ko suna saboda shi. Gurmi yana kawo kuɗi. Biram ba ya kawowa, aƙalla a lokacin. Shi kuma dattijon, ka duba abin da ya yi: abin da kakanninsa suka killace, suka ce sai ɗan gida, ya ɗauka ya ba baƙo, domin ya ga in bai bayar ba tare za a binne su. Cikin su biyun ban san wanda ya fi wani ƙarfin hali ba, amma zuciyata ta fi karkata ga tsohon.

Sai maganar Umaru Adamu, wanda sau da yawa ake mantawa da shi tunda sunan Malam ne a jikin faifan. Shi ɗan gidan makaɗa ne na Hausawa, ya gaji abin, kuma tsohon abokin Maman Barka ne. Shi ya kawo duma da kalangu da ƙwarya cikin tafiyar. Wannan haɗi ba a tafkin aka gaje shi ba. Batube ya ɗauki kayan Buduma, Bahaushe ya sa masa ganga, abin da ya fito sabo ne ko da yake kowane ɓangarensa tsoho ne. Mai son a bar komai yadda aka same shi zai iya cewa an gurɓata. Ni ban ga haka ba. Biram shi kaɗai, da muryar nan tasa mai zurfi da maimaici, yana iya yi wa baƙon kunne nauyi. Gangar Umaru ce take ba shi ƙafafun tafiya. In ka saurara da kyau za ka ji ba rakiya kawai yake yi ba. Wani lokaci yana bin tsirkiya sau da ƙafa, wani lokaci ya saɓa mata da gangan, ya bar gurbi, sannan ya dawo su haɗu a inda ba ka zata ba. Kalangu kuma, kamar yadda muka sani, magana yake yi, don haka sai ka ji kamar mutum uku ne ke zance alhali su biyu ne.

Mu wannan tsari na mutum biyu ba baƙonmu ba ne. Mai garaya da mai ƙwarya ko caki, mai goge da masu ƙwarya, mai kukuma da mai kalangu, haka muka taso muka gani. Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, duk tsirkiya ce a gaba, kiɗa yana tallafe da ita. Ɗan Maraya Jos ma ya rage abin har ya koma shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, kuma da wannan ɗan ƙaramin abu ya zaga duniya kafin rasuwarsa a watan Yunin 2015. Abin da Turawa suka gani a Charlton Park suka yi mamaki, wato yadda mutum biyu za su cika fili da sauti, mu a ƙofar gida muke ganinsa, ko kuma mu ce muke ganinsa a da.

Yanzu ga maganar yabon. Wane irin yabo ne, kuma me ya sa ya zo a lokacin da ya zo?

Shi bikin WOMAD, mawaƙin Ingila Peter Gabriel da abokansa suka fara shi a 1982 don kawo makaɗan wasu ƙasashe gaban 'yan kallon Turai. A 1987 kuma wasu masu kamfanonin faifai suka yi taro a Landan suka amince da laƙabin "kiɗan duniya", domin masu shaguna su san a wane kanta za su jera faifan da ba na Turawa ba. Wato tun asali sunan na kasuwa ne. A cikin wannan kasuwa, kiɗan yankinmu na Sahel ya samu wani gurbi na musamman ta hanyar mutanen Mali. Ali Farka Toure, manomin Niafunke mai jita, shi ya buɗe ƙofar, Turawa suka ji kiɗansa suka ce ai wannan shi ne tushen bulus na baƙaƙen Amurka. Shi da Toumani Diabate mai kora suka zauna a wani otel a Bamako suka ɗauki faifan "In the Heart of the Moon", ya fito a 2005, ya ci kyautar Grammy a 2006, shekarar da Ali Farka ya rasu. Faifansu na biyu, wanda ya fito a 2010, shi ma ya ci. Saboda haka lokacin da Maman Barka da Umaru suka iso, kunnen masu sharhi ya riga ya saba da dattawa biyu daga bakin hamada suna zance da tsirkiya, kuma kalmomin yabon ma a shirye suke.

Kalmomin kusan iri ɗaya ne duk lokacin da suke magana a kan kiɗan yankin nan. Za su ce kiɗa ne mai tayar da tsikar jiki, mai bin mutum har bayan an kashe rediyo, mai ɗauke hankali kamar an yi maka asiri, mai sa ka ga hamada ko ruwa a idon zuciyarka. Ba ƙarya suka yi ba. Wanda ya saurari biram da dare, gari ya yi tsit, zai ji abin da suke nufi. Amma yabo ne na wanda ba ya jin harshen. Yanayi yake ji, ba magana ba. Muryar mawaƙin a wurinsa wani kayan kiɗa ne kawai a cikin sauran. Mu kuwa a wurinmu waƙa magana ce tukuna. Wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, wane habaici aka jefa, wace hikima aka faɗa, shi muke bi. Shi ya sa Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, wanda har ya rasu a 1999 babu na biyunsa a ƙasar Hausa, bai taɓa zama ɗan gaban goshin wannan kasuwa ta Turai ba. Ƙarfin Shata a bakinsa yake. Wanda ba ya jin Hausa zai ji kalangai da amshi suna ta maimaituwa, ya rasa abin da ya sa jama'a ke ihu.

Akwai kuma labarin da aka sayar tare da faifan: gwani na ƙarshe, kayan da ya kusa ɓacewa, ruhin tafki. Irin wannan labari yana da farin jini a can, kuma ba na shakkar ya taimaka wajen buɗe musu ƙofofi. Ba laifin Malam ba ne, gaskiyar abin da ya faru ya faɗa. Sai dai akwai ɗan ɗaci a ciki. Kayan kiɗan da mutanensa ke amfani da shi kullum, yana raye, ba ya jan hankalin kowa. Sai ya kai bakin kabari ake kiran masu kyamara.

Duk da haka ba zan shiga sahun masu cewa yabon Bature ba shi da amfani ba. Ba don tallafin 2002 da gayyatar 2008 da faifan 2009 ba, da yau babu inda ɗan Buduma da ke gudun hijira a Diffa ko Maiduguri zai danna waya ya ji waƙar kakanninsa da sauti mai kyau. Ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan ma sunan wani ƙauye na yankin tafkin gare ta, Doro Lelewa. Mu da muke gida ba mu ɗauka ba, ba mu adana ba. Ko a nan Najeriya, in kana neman tsofaffin kiɗe-kiɗen Hausa da aka ɗauka da bayaninsu, sai ka koma ga aikin irin su David Ames, Ba'amurken da ya zauna a Zariya a farkon shekarun 1960, wanda shi da Anthony King suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Gidajen rediyonmu sun ɗauki abubuwa masu yawa, amma kowa ya san halin da tsofaffin faya-fayai ke shiga a ƙasar nan in zafi da ƙura da sauyin na'ura suka taru a kansu.

Tunda an ambaci baƙaƙen Amurka, akwai wani mutum da ya kamata a sani, domin shi ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren. Sunansa Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na kiɗan jaz. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya karɓi Musulunci. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da ya zo bincike a kai shi ne sarewa, wato busar nan ta Fulani makiyaya da muke ji a bakin ruga ba mu ko waiwaya. Mutumin da manyan ɗakunan kiɗa na Amurka da Turai ke rububinsa ya zo ya zauna yana tambayar makiyaya yadda ake hura kara. Ya ɗauki wani faifai a Legas a 1983 mai suna "In Nigeria". Bayan ya koma ya ci Grammy a 1988, kuma shekarun ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne yana wasa su biyu da wani makaɗi mai suna Adam Rudolph, shi da busa, wancan da ganguna, wato dai tsarin nan na mai garaya da mai ƙwarya. Shi kansa bai son a kira kiɗansa jaz, yana ganin sunan da wasu suka laƙaba ne ba da girmamawa ba. Ya rasu a watan Disambar 2013. Na kawo shi ne don a ga bambanci tsakanin mai yabo daga nesa da wanda ya zo ya durƙusa ya koya. Lateef da Maman Barka, duk da ba hanyarsu ɗaya ba, a nan suka yi kama.

Mu dawo gida. A Adamawa, kayan kiɗan da ke da gata su ne na fada. Kakaki da algaita da tambari ba za su ɓace ba muddin akwai Lamiɗo da hawan sallah, domin akwai gidajen da aikinsu ke nan, kuma akwai ranar da dole a neme su. Waɗanda ke cikin haɗari su ne marasa uban gida: sarewar makiyayi, molon da ake kaɗawa a dandali da dare, garayar maharba, kiɗan masunta, da kayan busa da na tsirkiya na ƙabilun kan duwatsu da na bakin kogi. Tun daga shekarun 1990 da finafinan Hausa suka kafu, piyano guda ɗaya a situdiyo yana kwaikwayon kalangu da algaita da goge gaba ɗaya, yanzu ma kwamfuta ce ke yi. A gidan biki kuma mai sifika ya maye gurbin makaɗi, ya fi araha, ba ya roƙo, ba ya zambo. Ban ce waƙoƙin zamani ba su da daɗi ba, akwai masu kyau a ciki, kuma yaran suna cin abinci da su. Amma piyano sai ya ji abu yake kwaikwayonsa. Ranar da babu mai goge na gaske, abin da zai rage kwaikwayon kwaikwayo ne.

Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba piyano kaɗai ya kori makaɗa ba. Mu ne muke jin daɗin kiɗan mutum, mu yi masa liƙi, amma in ɗansa ya zo neman aure a gidanmu sai a fara tambayar asali. Ɗan makaɗi da ya yi boko abu na farko da yake yi shi ne ya nesanta kansa da ganga. Wa zai zarge shi? Batun matsayin kiɗa a addini kuwa na malamai ne, sun yi bayani kuma akwai saɓani a tsakaninsu, ba hurumina ba ne. Abin da nake magana a kai shi ne ilimin da ke cikin abin: sunayen garuruwan da suka tashi, jerin sarakuna, kirarin sana'o'i, tsofaffin kalmomin da babu su a ƙamus. Wanda ba ya sauraron kiɗa ma yana da bukatar waɗannan.

Ƙarshen labarin tafkin bai yi daɗi ba, kuma mu a Jimeta mun ga irinsa da idonmu lokacin da Mubi ta faɗi a watan Oktoban 2014, gidaje da makarantu da masallatai suka cika da 'yan gudun hijira. A watan Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. A watan Afrilu aka kai mummunan hari tsibirin Karamga, bayan haka hukuma ta umarci mutanen tsibirai su fice cikin 'yan kwanaki. Dubban mutane suka fito a ƙafa cikin zafin bazara, suka bar jirage da komai da shanu. An hana kamun kifi da cinikinsa a yankin, don a toshe wa maharan hanyar samun kuɗi. Mutanen da dawakin Borno ba su iya fitar da su daga ruwa ba, suka koma zaman sansani a kan tudu, wasu ma ana yi musu kallon zargi saboda kawai sun fito daga tsibiri.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018, shekara goma bayan wasan Charlton Park. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan malaminsa Bukar Tar. A ranar da ya rasu haramcin kamun kifi yana nan daram a ɓangaren Nijar na tafkin, ba a ɗage shi ba sai a 2019.